Agner Krarup Erlang, Malamin Da Ya Auna Cunkoson Wayar Tarho

Duk wanda ya taɓa neman wani ta waya ranar Salla da hantsi, bayan an sauko daga idi, ya yi ta bugawa tana ƙin shiga, to, ya ɗanɗani matsalar da wani malamin lissafi na ƙasar Danmak ya ƙarar da shekara ashirin na rayuwarsa a kanta. Sunan wannan bawan Allah Agner Krarup Erlang. Tambayar da ya sa a gaba kuwa gajeriya ce: idan mutum dubu goma ne ke da tarho a gari, layi nawa ya kamata a tanadar musu, yadda ba za a yi asarar kuɗi wajen shimfiɗa wayoyin da za su zauna banza ba, ba kuma za a bar jama'a suna ta bugawa babu hanya ba? Amsar da ya bayar a shekarar 1917 ita ce har gobe injiniyoyin sadarwa ke buɗe littafi su duba.

An haifi Erlang ran 1 ga watan Janairu na shekarar 1878 a wani ƙauye da ake kira Lønborg, kusa da garin Tarm, a yankin Jutland na yammacin Danmak. Mahaifinsa, Hans Nielsen Erlang, shi ne malamin makarantar ƙauyen, kuma magatakardan majami'arsu. Mahaifiyarsa, Magdalene Krarup, ta fito ne daga gidan malaman addini, kuma asalinta na komawa ga wani tsohon masanin lissafi mai suna Thomas Fincke. Gidan dai na masu ƙaramin ƙarfi ne, amma akwai littattafai. Su huɗu ne 'ya'yan gidan: wansa Frederik wanda ya girme shi da shekara biyu, sai shi, sai ƙannensa mata biyu, Marie da Ingeborg. Ana ba da labarin cewa da dare yakan zauna shi da wansa su karanta littafi ɗaya a kan tebur, wan yana karantawa ta daidai, shi kuwa yana daga ɗaya gefen yana karanta shi a juye, har ya saba da hakan. Tun yana yaro ilmin taurari ne ya fi ɗaukar hankalinsa.

Yana da shekara 14 ya tafi Kofanhagan, babban birnin ƙasar, ya ɗauki jarrabawar share fage ta jami'a. Sai da aka nema masa izni na musamman domin shekarunsa ba su kai ba, ya kuwa ci jarrabawar da yabo. Daga nan ya koma ƙauye ya shekara biyu yana taimakon mahaifinsa koyarwa, yana kuma koyon Faransanci da Latin. Uban yana so ɗansa ya ci gaba, amma babu hali. Wani ɗan'uwansu na nesa ne ya ɗauki nauyin ci da kwanansa, ya samu ya shiga makarantar Frederiksborg da ke garin Hillerød. A 1896 ya ci jarrabawar shiga Jami'ar Kofanhagan, aka ba shi sukolashif, ya karanta lissafi a matsayin babban fanninsa, tare da ilmin taurari da kimiyyar lissafin halitta da ta haɗa magunguna. Ya sami digirinsa a 1901.

Shekara bakwai da suka biyo baya malamin makaranta ne. Waɗanda suka san shi sun shaida cewa ya iya koyarwa, ko da yake zuciyarsa ta fi karkata ga bincike. In an yi hutun bazara yakan tafi Faransa ko Jamus ko Suwidin ko Ingila ya yi ta yawon ɗakunan karatu da gidajen ajiye zane-zane. A 1904 jami'a ta yaba masa saboda wata maƙala da ya rubuta a kan ayyukan Huygens, masanin nan na ƙasar Holan. Ya kuma shiga ƙungiyar masana lissafi ta Danmak, kuma a nan ne ƙafarsa ta taka hanyar da ba ta sake bari ba. A ƙungiyar akwai Johan Jensen, babban injiniyan Kamfanin Tarho na Kofanhagan, wanda ake taƙaita sunansa da KTAS. Shi kansa Jensen gwanin lissafi ne da ke yin bincikensa bayan an tashi daga aiki, har akwai wata ƙa'ida mai ɗauke da sunansa da ɗaliban jami'a ke karantawa. Ya ga irin kan da Allah ya ba wannan malamin makaranta, ya kai shi gaban manajan kamfanin, F. Johannsen. A 1908 suka ɗauke shi aiki a matsayin mai binciken kimiyya, daga baya ya zama shugaban ɗakin gwaje-gwajen kamfanin.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya fahimci irin halin da sana'ar tarho ke ciki a wancan lokaci. Alexander Graham Bell ya yi rajistar tarhonsa a Amurka a 1876, watau shekara biyu kafin haihuwar Erlang. Nan da nan aka gane cewa ba zai yiwu a ja waya daga kowane gida zuwa kowane gida ba. Mutum 10 za su bukaci waya 45, mutum 1,000 kuwa sai an ja musu 499,500. Saboda haka aka kafa mahaɗa, watau gida guda inda wayoyin unguwa duka ke taruwa, aka zuba ma'aikata, galibinsu 'yan mata, a gaban wani babban allo mai ramuka. In ka ɗaga tarhonka sai fitila ta kama ko wani ɗan marfi ya faɗo, ma'aikaciya ta tambaye ka wanda kake nema, ta soka igiya ta haɗa ku. Da birni ya girma sai mahaɗa ɗaya ta kasa, aka gina wasu, aka kuma ja layuka tsakanin mahaɗa da mahaɗa. Waɗannan layuka na tsakani na kowa da kowa ne, wanda ya riga ya kama, in ya gama ya saki. Kowane ɗayansu kuwa jan ƙarfe ne mai tsada da ake haƙa titi a binne.

To, guda nawa za a binne? Ma'aikata nawa za a zaunar a gaban allo da ƙarfe goma na safe, nawa da tsakar dare? Kamfanoni sun daɗe suna yin abin da ka, sai in ƙorafi ya yi yawa a ƙara. Shi Johannsen ya riga ya lura cewa maganar ta lissafin yiwuwa ce, watau fannin lissafin da ke auna yadda abu kan iya aukuwa ko ya ƙi aukuwa, har ya yi rubuce-rubuce biyu a kai a 1907 da 1908. Amma ya san iyakar ilminsa, shi ya sa ya nemo wanda ya fi shi. Wannan kuwa abin a yaba wa manaja ne, domin ba kowane shugaba ne ke yarda ya ajiye mai bincike a ofis yana biyansa albashi alhali ba a san ranar da binciken zai haifi kwabo ba.

Shekara guda da kama aikinsa, a 1909, Erlang ya fitar da maƙalarsa ta farko a wata mujallar lissafi ta Danmak, a kan lissafin yiwuwa da hirarrakin tarho. Abin da ya nuna shi ne, idan mutane masu yawa ne ke bugo waya, kowa don ransa, ba tare da sun haɗa baki ba, to yawan kiran da ke shigowa cikin kowane minti yana bin wata ƙa'ida da Bafaranshen nan Poisson ya bayyana tun 1837. Ga misali. A ce wata mahaɗa tana samun kira biyu a minti in an yi rabon daidai. Wanda bai sani ba zai ɗauka kowane minti kira biyu ne ke zuwa. Ina! Cikin minti 100, kamar 27 ne kawai za a sami kira biyu cif. Kamar minti 14 za su wuce babu wanda ya bugo sam, sa'an nan a cikin kamar minti 5 kira biyar ko fiye za su afko tare. Babu mai iya faɗin lokacin da wane zai ɗaga tarhonsa, amma ana iya faɗin yadda taron jama'a zai yi, har a rubuta shi a jadawali. Mai ƙosai ta bakin titi ba ta san wanda zai zo saye gobe ba, amma ta san mudun wake nawa za ta jiƙa, ta kuma san wata rana zai ƙare da wuri, wata rana ya yi saura. Erlang ya mai da wannan sani na gwaji ya zama lissafi. A cikin maƙalar har ila yau ya fara warware batun tsawon jiran da mai bugowa zai yi kafin ma'aikaciya ta amsa masa.

Kada a zaci cewa zaman kujera kaɗai yake yi. A farkon aikinsa ba shi da ma'aikata a ɗakin gwaje-gwaje, saboda haka shi da kansa ke fita yin awo. Ɗaya daga cikin ayyukan da aka ɗora masa shi ne auna wutar lantarkin da ke zurarewa cikin ƙasa, wadda kan ci rigar dalmar da ke lulluɓe da wayoyin da aka binne. Mutanen Kofanhagan sun saba ganin wani mutum mai cikakken jan gemu yana tafe a titi, lebura na biye da shi ɗauke da tsani, in sun iso ramin wayoyi a buɗe murfi ya sauka ciki da kayan awonsa. Ya kuma ba da ƙarfi ƙwarai wajen shirya jadawalin lissafi. Waɗanda suka yi sakandare kafin kalkuleta ta wadata ba za su manta da ɗan littafin nan na logaritim mai lamba huɗu ba. Erlang ya wallafa irinsa, ya kuma yi nazarin hanyar da za a shirya shi yadda kuskuren da ke cikinsa zai ragu iyakar raguwa.

Babban aikinsa ya fito a 1917 a mujallar injiniyoyin lantarki ta Danmak mai suna Elektroteknikeren. A lokacin mahaɗa mai sarrafa kanta, irin wadda Almon Strowger ya yi wa rajista a Amurka a 1891, ta fara yaɗuwa a Turai. A irin wannan mahaɗa babu ma'aikaciyar da za ta ba ka haƙuri ta ce ka dakata. Injuna ne ke neman layi, in ba su samu ba su mayar maka da ƙarar nan ta babu hanya. Dole ke nan tun kafin a sayo injunan a san yawan da ake bukata. Erlang ya duba al'amarin ta fuska biyu. Ta farko ita ce inda wanda bai sami layi ba ya rasa ke nan, sai ya sake bugowa. Ta biyu ita ce inda za a tsai da shi a jerin gwano har layi ya samu. Ƙa'idar farko ita ce yau ake kira Erlang B, ta biyu kuwa Erlang C. Dabarar da ya bi ya kai gare su ita ce ya ɗauki mahaɗa a lokacin da ta daidaita, kamar randar da ake zuba wa ruwa ana kuma ɗiba, ruwan yana hawa yana sauka amma in an duba tsawon lokaci abin da ke shiga daidai yake da abin da ke fita. Daga wannan daidaito ya fitar da sau nawa za a tarar da layi ɗaya a kame, sau nawa biyu, har zuwa sau nawa za a tarar da su duka a kame.

Domin a gane amfanin abin sai an san yadda ake auna nauyin da ke kan layuka. Layi ɗaya da ya yi awa guda cur ana magana a kansa ya ɗauki nauyi ɗaya, wanda a yau ake kira erlang ɗaya. Idan cikin awar da ta fi kowace cunkoso an buga kira 200, kowane kira kuma ya ɗauki kamar minti 3, an sami minti 600 ke nan, watau awa 10, watau erlang 10. Akawun da ya iya raba lamba zai ce ai layi 10 sun isa, tun da aikin awa 10 ne za a yi cikin awa guda. Lissafin Erlang ya nuna cewa in aka yi haka, fiye da kira ɗaya cikin kowane biyar zai tarar da layuka a cike, watau kamar 43 daga cikin 200 ɗin nan. Dalili kuwa shi ne kiran ba a jere suke zuwa ba. Wani lokaci layuka huɗu na zaune babu aiki, jim kaɗan mutum goma sha uku na nema a tare, kuma zaman banzan da layi ya yi ɗazu ba a ajiye shi a biya bukatar anjima. In an sa layi 15, waɗanda za su rasa sun ragu zuwa kamar 7. In ana so abin ya sauka ƙasa da ɗaya cikin 100, sai an sa layi 18.

Ɗalibin da ke so ya gwada da hannunsa, ga hanyar da aka saba bi. A fara da 1, domin in babu layi ko ɗaya kowa zai rasa. A kowane mataki a ninka amsar baya da nauyin, sa'an nan a raba abin da aka samu da jimlar shi kansa da yawan layukan. A ce nauyin erlang 2 ne. Layi ɗaya: 2 a raba da 3, watau kashi 67 cikin 100 za su rasa. Layi biyu ya ba da kashi 40, uku kashi 21, huɗu wajen kashi 10, biyar ƙasa da kashi 4, shida kashi 1 da 'yan kai. Fensir da takarda sun wadatar.

Amma abin da ya fi muhimmanci ga mai tsara manyan hanyoyin sadarwa yana ɓoye ne a cikin jadawalin, sai an jera lambobin ake ganinsa. In aka ƙayyade cewa kira ɗaya cikin 100 kaɗai aka yarda ya rasa, layi 5 za su ɗauki nauyin erlang 1.36, layi 10 su ɗauki 4.46, layi 20 su ɗauki 12, layi 100 kuwa su ɗauki 84. A dubi wannan da kyau. Rukuni mai layi 10, kowane layinsa bai kai rabin lokacinsa yana aiki ba. Rukuni mai layi 100, kowane layi yana aiki minti 50 cikin 60. Saboda haka in aka raba layi 100 gida goma, kowace unguwa ta riƙe nata goma ba ta ara wa kowa, gaba ɗayansu ba za su ɗauki abin da ya wuce erlang 45 ba. In aka haɗe su wuri guda kowa na ɗiba, za su ɗauki kusan ninki biyu, ba tare da an ƙara ko taƙi ɗaya na jan ƙarfe ba. Wannan ne ya sa ba a ja layi kai tsaye tsakanin kowane ƙaramin gari da ɗan'uwansa. Sai a tattara kiran ƙananan mahaɗu a kai su babbar mahaɗa, daga can a ɗora su a kan ƙatuwar hanya guda zuwa wani yanki, a hau mataki mataki har a kai ga hanyoyin da ke tsallaka teku. Duk inda nauyi ya yi yawa tsakanin wurare biyu har ya cancanci hanyar kansa, sai a ja masa, abin da ya yi ambaliya a tura shi ta babbar hanya.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Babban rukuni da ke aiki kusa da iyakarsa ba shi da wurin numfashi. In nauyi ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 bisa abin da aka tsara, masu rasa layi a rukunin 10 ba za su kai biyu cikin 100 ba, amma a rukunin 100 za su kusa huɗu. Daɗin daɗawa, mutumin da ya buga bai samu ba ba ya haƙura, maimaitawa yake yi, sai nauyin ya ƙara hawa. Abin da ke faruwa ke nan ranar Salla, ko daren shiga sabuwar shekara, ko sa'ad da wani babban labari ya ɓulla: jama'a sun daina bugawa kowa don ransa, dalili ɗaya ne ya tashe su gaba ɗaya, sharaɗin da aka gina lissafin a kansa ya rushe. Babu kuwa kamfanin da zai iya ajiye kayan da za su ishi irin wannan rana su zauna banza sauran kwanakin shekara, sai fa in masu waya sun yarda su biya.

Wannan batu na kuɗi bai kuɓuce wa Erlang ba. Shi da wani injiniyan kamfanin mai suna K. Moe sun yi aiki a kansa wajen 1924. Hanyar da suka bi ita ce a tambayi kowane layi da za a ƙara abin da zai kawo. A misalinmu na kira 200, layi na 11 zai ceto kira wajen 10 a awar cunkoso, na 20 kuwa ko kira ɗaya cikakke ba zai ceto ba, alhali kuɗin binne su ɗaya ne. Sai a ci gaba da ƙari har a kai inda amfanin layi na gaba bai kai tsadarsa ba, a tsaya. A ganinmu ma'aikacin da ke shirya kasafin ma'aikatarsa zai ƙaru da wannan tunani ko da bai taɓa ganin cikin mahaɗa ba. Haka nan ƙa'idar jira. In aikin nan na erlang 10 jama'a ne da ke zuwa gaban kanta, akawu 10 ba za su taɓa share jerin gwanon ba, sai dai ya yi ta tsawo. Akawu 11 za su sa jiran ya zama kamar minti 2 in an yi rabon daidai, 13 kuwa su mai da shi kamar daƙiƙa 17.

Ba Erlang kaɗai ne ya tunkari matsalar a zamaninsa ba, kuma adalci ne a ambaci sauran. A Amurka akwai Edward Molina na kamfanin AT&T da ke da tasa ƙa'idar. A ƙasar Nowe akwai Tore Olaus Engset, wanda ya rubuta nasa binciken a 1915 aka buga shi a 1918, kuma ƙa'idarsa ta fi dacewa da inda masu tarhon ba su da yawa. Amma ta Erlang ce ta fi bazuwa. Hukumar gidan waya ta Ingila ta karɓe ta ta zama ma'aunin lissafin layukanta, aka fassara maƙalunsa zuwa Turanci da Faransanci da Jamusanci. Rubutunsa a dunƙule yake ƙwarai, yakan tsallake matakan da yake ganin a fili suke, har ya kan yi wa wanda ba gwani ba wuyar bi. Ana ma cewa wani mai bincike na ɗakunan gwaje-gwajen Bell ya zauna ya koyi harshen Danmak musamman don ya karanta shi daga tushe. Wani abin mamaki game da ƙa'idarsa ta farko shi ne, ba ruwanta da ko hirarrakin duk tsawonsu ɗaya ne ko wasu gajeru ne wasu dogaye, matsakaicin tsawon kawai take bukata. Cikakkiyar hujjar wannan ba ta samu ba sai a 1957, daga hannun wani masani na Rasha mai suna Sevastyanov.

Shi kansa mutumin ba mai yawan magana ba ne. Bai yi aure ba. Ya fi son ya zauna gefe yana kallon mutane, har abokansa suka laƙaba masa wani suna mai nufin mutum mai keɓe kansa. Yakan yi aiki har dare ya raba, ya kuma tara littattafai masu yawa, na lissafi da taurari da kimiyya, har da na tarihi da falsafa da waƙa. In ma'aikacinsa ya kawo masa matsala, ba ya cika ba shi amsa a tafin hannu, sai ya nuna masa bakin zaren ya bar shi ya warware. Mabukata sun san hanyar ɗakin gwaje-gwajensa, yakan kuwa taimake su a asirce. Ya daɗe yana zaune tare da ƙanwarsa Ingeborg, wadda ta kafa gidan kula da mata masu raunin hankali, kuma ya tallafa wa gidan da abin hannunsa. Kusan shekara ashirin yana aiki bai taɓa ɗaukar hutun ciwo ba. A watan Janairu na 1929 ciwon ciki ya kai shi asibiti aka yi masa aiki, bayan 'yan kwanaki ya rasu, ran 3 ga Fabrairu, yana da shekara 51.

Sunansa ya fi tashi bayan ransa. Masana irin su Pollaczek da Khinchin da Kolmogorov suka ɗora a kan tubalin da ya aza, har abin ya zama fanni mai zaman kansa na nazarin jerin gwano. Tun 1944 ƙasashen arewacin Turai suka fara kiran ma'aunin nauyin tarho da sunansa, a 1946 kwamitin ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan harkar tarho ya amince da shi ga duniya baki ɗaya. A 1948 aka tattara ayyukansa da tarihinsa cikin littafi guda a Kofanhagan. Da wayar salula ta zo, tambayar ba ta sake ba, sai dai maimakon jan ƙarfe a ƙarƙashin titi, yanzu hanyoyin iska ne a kan turaku. Injiniyoyin da suka kakkafa turakun GSM a Nijeriya daga 2001 da jadawalin Erlang B suka ƙididdige yawan hanyoyin da kowace turka ke bukata, kamar takwarorinsu na ko'ina. Da Erlang C kuma ake ƙayyade yawan ma'aikatan da za su zauna amsa kiran abokan ciniki a bankuna da kamfanoni.

Intanet ce ta nuna iyakar ƙa'idojinsa. A nan ba a keɓe wa kowa layi; saƙo ake yayyankawa ƙanana a tura, gutsattsarin kowa su bi sahu a hanya ɗaya. Leonard Kleinrock ya yi amfani da nazarin jerin gwano wajen fahimtar irin wannan tsari a farkon shekarun 1960, kafin a kunna ARPANET a 1969, don haka a nan ma da jinin Erlang a ciki. Amma awon da aka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa zirga-zirgar kwamfuta ba ta bin ƙa'idar Poisson sau da ƙafa. Tana zuwa ne guguwa guguwa, kuma ko an tara ta da yawa ba ta lafawa da sauri yadda kiran tarho ke yi, sai da aka nemo wasu dabarun lissafi a ƙara. A 1986 kuma ma'aikatan kamfanin Ericsson na Suwidin suka fara ƙera wani harshen kwamfuta don sarrafa mahaɗun tarho masu ɗaukar dubban kira a lokaci guda ba tare da sun tsaya ba. Suka sa masa suna Erlang, sunan da ya zo daidai da na malamin da kuma taƙaitaccen sunan kamfaninsu. An sake shi ga kowa kyauta a 1998, kuma da shi ne masu WhatsApp suka gina injunan da ke karɓa da rarraba saƙonnin jama'a.